In an yaba maka, karɓi abinka

Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma har yau in na tuna sai in ji ya tsaya mini a maƙogwaro. A wani biro ne nan Tawa, inda nake aiki a lokacin, wurin da ke kula da farfaɗo da ƙasar da ta mutu: ramukan tara ruwa na tassa da na rabin wata, da jeren duwatsu a gangaren fako. An turo mana wata yarinya aikin bautar ƙasa, wanda muke ce wa sarwis sibik, ta karanta aikin gona a jami'a. Wata uku ta yi tana bin ƙauyukan da ke tsakanin Illela da Badagishiri a bayan babur, tana auna filaye ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga ramuka, tana tambayar matan da suka yi haƙa nawa aka ba su, nawa suke bi. Sai da ta haɗa rahotonta muka san hekta nawa aka gyara da gaske, ban da waɗanda aka gyara a kan takarda.

Baƙi suka zo daga Yamai duba aiki. Babbansu ya ɗaga rahoton a gaban taro ya ce, "Wa ya yi wannan?" Aka nuna ta. Ya ce, "Madmazel, na daɗe ban ga aiki mai tsabta kamar wannan ba." Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta ce, "A'a, ranka ya daɗe, ni ban yi komai ba. Aikin shef ne, shi ya nuna mini komai." Baƙon ya juya ya miƙa wa shef, wato shugabanmu, hannu, shef ya karɓa da hannu biyu. Shef ɗin nan kuwa, Allah shaida, bai buɗe rahoton ba sai da safiyar ranar, yana shan shayi.

Bayan wata biyu takardar yabo ta iso daga Yamai, irin wadda ake ba ma'aikaci shaidar an gamsu da aikinsa. Sunan shef ne a kai. Ya sa aka yi mata gilashi, ya rataye ta saitin kujerarsa. Yarinyar ta cika shekara biyunta, ta nemi a riƙe ta, aka buɗe dosiyenta ba a samu komai ba sai takardar kama aiki da ta hutun rashin lafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne, a ranar taron dukkanmu mun yaba mata. "Ɗiyar mutunci," in ji wani. "An yi mata tarbiyya," in ji wata. Ni ma na gyaɗa kai. Yanzu kam na sake ra'ayi, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ina ganin in an yaba wa mutum aikinsa a wurin aiki, ladabin da ya kamace shi shi ne ya karɓa, ya ce ya gode, sa'an nan ya faɗi gaskiyar wanda ya kama masa. Ture yabo da muke yi muna kiransa kunya, sau da yawa asara ce, wani lokaci ma har da ƙarya a ciki.

Na san inda muka samo wannan hali, ni ma a cikinsa na tashi. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi a gaban mutane. Amarya in aka ce tuwonta ya yi daɗi, sai ta ce Inna ce ta gyara miyar. Wannan kara ce mai kyau, ba ni da ja a kanta. Amma a duba dalilin da ya sa ba ta cutar da kowa a gida: duk wanda ke cikin gidan ya ga wadda hayaƙin murhu ya jajanta wa ido. Inna ta san ba ita ta yi ba, amarya ta san Inna ta sani, mai gida ma ya sani. Maganar girmamawa ce kawai, kowa ya fahimce ta a haka. A biro kuwa, baƙon da ya taho daga Yamai ya keto kilomita sama da 500, zai yi awa biyu da ku ya koma. Bai ga babur ba, bai ga ƙura ba. Abin da kunnensa ya ji shi zai rubuta. Ka ce masa ba kai ba ne, ya yarda da kai. A kan me zai ƙaryata ka?

Akwai wani tushe na biyu da ba mu cika lura da shi ba. A wurinmu yabo da kuɗinsa yake tafe. In maroƙi ya tare ka a wurin suna ko ɗaurin aure ya fara jero kakanninka, tun bai kai ƙarshe ba hannunka ya shiga aljihu. In ba ka da ko dala, sai ka bi ta bayan rumfa. Mun saba da haka har ya zama da zarar mun ji ana ambaton alherinmu, jikinmu ya ba mu cewa bashi ne ke tafe. Shi ya sa ma'aikaci ke zillewa tun kafin a rufe baki. To amma abokin aikin da ya ce maka lissafin nan ya fita tsaf, ba ganga ya rataya ba. Abin da ya gani ya faɗa. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Maganar kirki ma kyauta ce, kuma tukuicinta bai wuce "na gode" ba.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi: tsoron baki. Kowa ya san labarin wanda aka yaba a taro, mako bai zagayo ba ya kwanta ciwo, ko aka yi masa canjin wurin aiki zuwa inda ko layin waya babu. Ba zan raina wannan tsoro ba. Kambun baka gaskiya ne a addininmu, hassadar biro kuwa ba sai an je wurin malami an tambaya ba, da ido ake ganinta. Sai dai maganin da aka koya mana shi ne mai yabo ya ce tubarkalla, masha Allah, wanda aka yaba kuma ya riƙe addu'o'insa na safe da yamma. Ban taɓa jin inda aka ce maganin baki shi ne ka musanta aikin hannunka ba. Kuma mai hassada, in dai shi ne, ya riga ya san kai ka yi. Musun da ka yi, baƙon kaɗai ya ruɗa.

Na taɓa yin wannan gardama da wani dattijo da muke salla tare a unguwa, mutum mai karatu. Ya ce mini, "Kai dai kana so ka koya wa yara girman kai. Yabon kai jahilci ne, kuma riya tana cin aiki yadda wuta ke cin kara." Ya kawo hadisin Miƙdadu, wanda ya ga wani yana zuba wa Sayyidina Usman yabo a gabansa, ya durƙusa ya ɗebi tsakuwa ya watsa masa a fuska, ya ce haka Manzon Allah (SAW) ya umarta a yi wa masu bambaɗanci. Ya ƙara da wanda Annabi ya ce wa wani mai yabo, "Kaiconka, ka yanke wuyan abokinka."

Na ce masa, Malam, duk na yarda. Amma a dubi wanda aka watsa wa tsakuwar. Mai zuzutawa ne, wanda ya mai da yabo sana'a. Gargaɗin ya fi sauka a kan mai faɗa, a kan ya auna maganarsa. Shi kuwa wanda ya yi aikin kirki mutane suka gani suka faɗa, Abu Zarri ya tambayi Annabi a kansa, amsar da aka ba shi ita ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Yaushe aka fara korar bushara daga ƙofar gida? Addu'ar da aka ruwaito daga magabata in an yabe su ita ce: ya Allah kada ka kama ni da abin da suke faɗa, ka gafarta mini abin da ba su sani ba, ka sa na fi abin da suke zato. Tsakanin bawa da Ubangijinsa ke nan, maganin zuciya. Babu inda ta ce ka juya ka gaya wa mai maganar cewa ya yi kuskure.

Misalin da na fi so kuwa yana cikin Suratu Yusuf. Da sarkin Masar ya ji fassarar mafarkinsa, ya ga gaskiyar Annabi Yusuf ta bayyana, sai ya ce masa daga yau kai mai matsayi ne a wurinmu, amintacce. Yabon shugaba ke nan ga wanda yake shirin ɗauka aiki. A aya ta 55 Annabi Yusuf ya amsa da cewa a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, shi mai tsarewa ne, masani. Ya karɓi maganar, ya faɗi abin da ya iya, domin ya san shekarun fari na tafe kuma in bai yi magana ba rumbunan za su faɗa hannun wanda bai iya ba. Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, amma kai ba Annabi Yusuf ba ne." Muka yi dariya. Gaskiya ya faɗa, sai dai rumbu har yau rumbu ne.

Wasu kuma da an yaba musu sai su ce, "Allah ne ya yi." Wa zai musa? Amma alhamdulillahi da na gode ba kishiyoyi ba ne, ɗaki ɗaya suke kwana. Hadisi ne sananne cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki sunan Allah a toshe bakin mai magana da shi, yadda zai ji kamar ya yi saɓo don ya ce ka kyauta.

Wani abin mamaki, mu ɗin nan da ke noƙewa a biro, mu ne muke cika filin kokowa. Nan Tawa aka fara gasar takobi ta ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, kuma tun daga lokacin kusan duk shekara ƙasar nan takan tsaya cik a saurari ƙato ya fito tsakiyar fage ya yi kirari. Ba wanda ke cewa ba shi da tarbiyya. Kuma in ka kasa kunne, ɗan kokowa ba kansa kaɗai yake wasawa ba. Yakan kira garinsu, ya kira ubangidansa, ya kira wanda ya koya masa kamu. Ba ina cewa akawu ya hau tebur ya yi kirari ba, Allah ya kiyaye. Ina nufin al'adar da ta haifi kunya ita ce ta haifi kirari, kuma ta san yadda mutum zai tsaya a kan abin da ya yi ba tare da ya manta da na bayansa ba. Tsakanin sunkuyar da kai da bugun ƙirji akwai fili mai faɗi, mun bar shi ya zama saura.

Wanda ya nuna mini yadda ake noma wannan fili direban bironmu ne, tsoho, bai yi lakwal ba ko na kwana ɗaya. Wata damina mota ta kafe mana a wani ƙorama a hanyar Keita, ruwa na tahowa, ya yi dabarar da ya yi ya fid da mu. Da muka dawo, darekta ya ce masa a gaban kowa, "Baba, yau ka cece mu." Tsohon ya cire hula ya mayar, ya ce, "Madalla, na gode, na ji daɗin wagga magana. Sanin hanya kam nawa ne, shekara talatin ina bin ta. Amma yaron nan aparanti shi ya shiga ruwa har ƙirji ya jera duwatsu a ƙarƙashin taya. A tuna da shi." Ya juya ya tafi wanke motarsa.

Na sha juya wannan amsa a raina. Bai sa darekta ya maimaita ba. Ka san yadda muke yi: a ce ka yi ƙoƙari, ka ce a'a, a ce wallahi ka yi, ka ce ina fa, a ce kowa ya gani, kamar ana cinikin albasa a Galmi. Wanda ya yi niyyar faɗin magana ɗaya sai ka sa shi ya faɗi huɗu, kuma a ce wai kai ne mai tawali'u. Tsohon ya karɓa sau ɗaya ya wuce. Ya faɗi rabonsa daidai, bai rage ba bai ƙara ba. Sa'an nan, kuma nan ne gishirin, da ya tashi raba yabon sai ya gangara da shi ƙasa, zuwa ga yaron da ba shi da albashi, ba shi da suna a kowace takarda. Mu kuwa ƴan boko, in mun tashi rabawa, sama muke turawa. "Albarkacinku ne, shef." "Mu ai umarninku muke bi." A yi mini afuwa, wannan ya fi kusa da fadanci. Mai tura yabo sama ya san inda ake sa hannu a takardar tafiya misiyo.

Mu mutanen Adar ya kamata mu fi kowa sanin illar wannan. Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, da kuɗin Italiya, ya yi suna har ƙasashen waje. Galibin waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka mata ne, domin maza sun tafi bida Abijan da sauran wurare. Ka je ka tambayi yaro ɗan lakwal ya kira maka sunan guda daga cikinsu. Yabo in ba a tare shi aka karkatar da shi da gangan ba, kullum wurin mai babbar riga yake malala.

Akwai kuma amfanin da yabo ke yi wa aikin kansa. In shugabar ungozomomi ta ce wa sabuwar ma'aikaciya, "Yadda kika lallashi matar nan har ta yarda aka kai ta babban asibiti ya burge ni," ta gaya mata abin da ake so ta riƙe ke nan. In ta amsa da "ba komai", darasin ya zube a ƙasa. Da za ta ce na gode, ta ƙara da cewa mijin ta fara shawo kansa tukuna, da na kusa da su ma sun ƙaru. Ni da kaina yanzu in an ce aikina ya yi kyau, nakan tambaya wane ɓangare ne ya fi amfani. Mai gaskiya zai nuna maka shafin. Wanda bai karanta ba sai ya fara kame-kame.

To, ba kowane yabo ne yabo ba, wannan kam sai a yi hattara. Akwai zuga. Ranar Alhamis da la'asar, kana tattara takardunka, shef ya leƙo ya ce, "Kai kaɗai ne a gidan nan na yarda da aikinka." Kafin ka gama murmushi ya ajiye maka dosiye uku, ana so ranar Litinin. Ingiza mai kantu ruwa ke nan. A nan ma ba ture yabon ne mafita ba. Ka ce ka gode, ka ja numfashi, sa'an nan ka ɗauki maganar dosiye a matsayin wata magana daban: wanne ya fi gaggawa, wa zai kama maka, wanne zai jira. Sau da yawa wanda bai iya karɓar yabo ba shi ne kuma bai iya cewa a'a ba, domin nauyi ɗaya ne ke danne shi a wuri biyun.

Akwai kuma yabon da ake bayarwa a madadin haƙƙi. Malaman makaranta ƴan kwantiragi sun fi kowa saninsa: a jawabi su ne ginshiƙin ƙasa, a ƙarshen wata kuwa sun sha jiran ɗan abin da ake ba su har mai shago ya rufe musu littafin bashi. Jawabi ba ya auna tiyar hatsi. Mai irin wannan hali yana da damar ya ce ya gode da magana, kuma yana nan yana jiran kuɗinsa. Ƴan'uwanmu mata kuma suna fama da wani iri, inda za a bar rahoton da ke kan tebur a koma yabon lalle da atamfa. Wata abokiyar aikina takan ce, "Na gode, Mushe. Shafi na huɗu fa, kun duba?" Ban ga wanda ya sake gwadawa ba.

Shugabanni ma da nasu laifin, ba zan tsawaita ba. Shef ɗin nan namu yana da damar ya ce wa baƙo, "Kunya ce ta hana ta, ita ta yi." Daƙiƙa nawa za ta ɗauke shi? Yabon gwani ya zama dole, in ji masu iya magana, kuma dolen ta fi hawa kan wanda ya san gwanin. Mu ma da muke zaune a ɗakin, mu goma sha wani abu, ba wanda ya yi tari. Ni ina kujera ta uku daga inda take.

Kwanakin baya na je Yamai, na haɗu da ita a bakin tashar mota a Wadata. Ta samu aiki da wata ƙungiya, ta yi aure, da goyo a bayanta. Muka gaisa, na ce mata, "Ɗiyata, rahoton nan naki har yau da shi ake aiki. Duk wanda ya zo shi ake fito masa da shi." Na ga bakinta ya buɗe zai ce a'a. Sai ta tsaya, ta yi dariya, ta ce, "Na gode, Baba. Na sha wuya a kansa. Har faɗuwa na yi a babur sau biyu." Ta tambayi tsohon direba, na ce ya yi ritaya, yaronsa ne ke jan motar yanzu.

Da za mu rabu ta ce tana neman wani gurbin ƙarin karatu, an ce ta kawo shaidar aikin da ta taɓa yi da hannunta. Ko zan iya samo mata kwafin rahoton, wanda ke da sunanta a bango? Na ce in sha Allah. Da na dawo Tawa na bi ta tsohon biron na sa aka duba. Kwafi huɗu ne a kabad, dukkansu an sake musu bango.